Tutiya da Tsatsa: Tambayoyin Maƙera da Masu Gida a Jidda

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa a bakin 'yan'uwanmu masu sana'ar ƙarfe a Jidda da Makka, da kuma masu gida da ke kawo aikin ƙofa, ko raga ta taga, ko ƙafar tankin ruwa. Na daɗe ina walda a warsha, wato shagon aikin ƙarfe, kuma na ga kuɗin mutane da yawa sun tafi a banza saboda kalma ɗaya da ba a tsaya an tantance ta ba wajen ciniki. Shi ya sa na tattara amsoshin wuri guda, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Mene ne ake nufi da ƙarfe "mujalfan"?

Ƙarfe ne da aka lulluɓe da tutiya don kada ya yi tsatsa. Larabawa a kasuwa suna cewa hadid mujalfan, aikin kansa kuma jalfana, a gida Najeriya da Nijar kuwa galbanayiz ake ji. Tutiya wani ƙarfe ne mai launin toka da ɗan shuɗi-shuɗi, kuma kowa ya san shi ko da bai san sunansa ba, domin shi ne a jikin kwanon rufi, wanda a nan ake kira shinko, shi ne kuma a jikin bokitin ƙarfe irin na da. Ana haƙo shi a nan Saudiyya ma, a ma'adinin Masani' da ke yankin Najran.

Dabarar ba ta yau ba ce. Wani masani ɗan Faransa, Malouin, ya yi bayanin tsoma ƙarfe a narkakkiyar tutiya tun 1742, sannan wani ɗan ƙasarsu, Sorel, ya yi wa hanyar rajista a 1837. Sunan kuma daga Galvani aka samo shi, likitan Italiya da ya yi bincike a kan lantarki. Alaƙar wannan aiki da lantarki tana nan a amsar yadda tutiya ke hana tsatsa.

Me ya sa ƙarfe ke saurin ruɓewa a Jidda fiye da Makka ko Riyad?

Tsatsa tana buƙatar ruwa da iska, gishiri kuwa yana ninka saurinta. Jidda tana da ukun duka. Bahar Maliya na cikin tekuna mafiya gishiri a duniya, kusan giram 40 a kowace lita, alhali matsakaicin manyan tekuna 35 ne. Iska tana ɗebo wannan gishiri tana shafa wa duk abin da ke tsaye a waje. Da dare laima ta sauka, gishirin ya tsotsi ruwa, sai ƙarfe ya kwana a jiƙe ko da ba a yi ruwan sama ba wata da watanni. Ƙarancin ruwan saman ma wata matsala ce, don a ƙasashen damina ruwa yana wanke gishirin, a nan kuwa taruwa yake yi haɗe da ƙura.

Makka tana da nisan da bai kai kilomita 100 ba daga teku, amma duwatsu da bushewar iska sun sa ƙofar da za ta fara ja a Abhur, unguwar bakin teku a Jidda, cikin shekara ɗaya ko biyu takan daɗe ƙalau a Shara Mansur ta Makka. Riyad ta fi su bushewa duka. Yanbu da Jizan da Jubail da Dammam kuwa 'yan uwan Jidda ne a wannan ciwo. Don haka kafin ka yi wa mutum farashi, tambaye shi inda aikin zai tsaya.

Ta yaya tutiya ke hana tsatsa? Ai fenti ma rufewa yake yi.

Gaskiya ne, fenti rufewa yake yi, amma nan aikinsa ya tsaya. Da zarar ya ƙwarzane, ruwa ya samu ƙofa, tsatsa ta shiga ƙarƙashinsa tana ɗaga shi daga ciki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma babu ƙofar gidan da ba za ta tsage ba, ga yara, ga mota, ga masu ɗaukar kaya.

Tutiya tana aiki ta hanya uku. Tana rufe ƙarfen, wannan ɗaya. Sannan da ta sha iska sai fatarta ta sama ta rikiɗa ta zama wani siririn ɓawo mai tauri mai launin toka, wanda ke rage cin da yanayi ke yi mata, har ta zama tana ƙarewa a hankali ƙwarai idan aka gwada da baƙin ƙarfe. Ta ukun ita ce babba. Idan ƙarfe biyu daban suka haɗu a cikin danshi, sukan zama kamar ƙaramin batir, ɗaya yana cinyewa ɗaya yana tsira. Tsakanin tutiya da baƙin ƙarfe, tutiya ce ke cinyewa. Saboda haka ko an ƙwarzane ta har ƙarfe ya fito, tutiyar da ke kewaye da wurin ita za ta riƙa ba da kanta, ƙarfen ya zauna lafiya, muddin faɗin ciwon bai wuce 'yan milimitoci ba. Masunta a bakin teku sun san wannan: dunƙulen tutiya da suke ɗaurawa kusa da farfelar jirgin ruwa aikinsa ke nan, ya ƙare a sa wani.

Abin da za ka riƙe a nan shi ne tutiya abu ne mai ƙarewa. Yawan da aka ɗora maka shi ne yawan shekarun da ka saya.

Yaya ake yin tsomin a masana'anta?

Ana fara wanke maiƙo da datti a ruwan soda mai zafi, a ɗauraye, a tsoma a asid don ya cinye tsatsa da baƙin ɓawon da ƙarfe ke fitowa da shi daga kamfani, a sake ɗaurayewa, a tsoma a wani ruwan gishiri na musamman da ke sa tutiya ta kama, a busar. Daga nan sai babban kwami cike da narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Tutiya tana narkewa a wajen digiri 420, baƙin ƙarfe kuwa sai kusan 1,500, don haka ƙarfen ba ya narkewa. Yakan yi 'yan mintoci a ciki, a ɗago shi a hankali, a sanyaya.

A cikin waɗannan mintoci ba shafe kawai ake yi ba. Tutiya tana shiga jikin ƙarfen, ƙarfen yana shiga jikinta, su haifar da hawa-hawa na gauraye waɗanda wasunsu sun fi ƙarfen kansa tauri, sai tsantsar tutiya a can sama. Wannan ne dalilin da ya sa ba ta ɓarewa kamar fenti ko an jefa kayan a bayan mota. Kuma tutiya ba ta kama wuri mai datti sam, don haka inda aka yi sakaci wajen wanki, baƙin tabo zai fito a gan shi nan take.

Duk abin da aka ce masa mujalfan iri ɗaya ne?

A'a, kuma a nan ne aka fi cutuwa. Kalmar ɗaya ce, amma kayan sun kai iri huɗu ko biyar, kuma tazarar da ke tsakaninsu tana iya kai ninki goma.

Akwai tsomi mai zafi bayan an gama ƙira, wanda na yi bayaninsa a sama, shi ne mai kauri. Akwai falle da bututu da aka riga aka rufa tun a kamfani, inda dogon falle ke wucewa cikin tutiya da gudu ana hure ragowar. Shi ne shinko da yawancin bututu masu kusurwa huɗu da muke saya a kasuwa. In ka ga an rubuta Z275, ana nufin giram 275 a kowace murabba'in mita idan an haɗa fuska biyu, wato kusan maikiron 20 a kowace fuska (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma akwai masu rabin haka ko ƙasa. Akwai shafen lantarki, mai santsi da ƙyalli, wani lokaci da ɗan launin ruwan ɗorawa, irin na sukurori da hinjin ƙofa. Yawanci maikiron 5 zuwa 12 ne. Kyan ɗan maciji ke gare shi a waje, na cikin ɗaki ne. Akwai feshin narkakkiyar tutiya da bindiga, da ake yi wa manyan kaya da ba su shiga kwami. Sai kuma fenti mai garin tutiya, wanda zan yi maganarsa a tambayar gyaran wurin walda.

Akwai kuma fallen rufi da aka gauraya tutiyarsa da alminiyam kashi 55 cikin ɗari, wanda ake kira Galvalume. Yana jure iskar teku fiye da shinko na gama-gari, amma ba ya son taɓa ɗanyen siminti, kuma bai dace da ɗakin dabbobi ba.

Kauri nawa zan nema, kuma yaya zan san an ba ni shi?

Da maikiron ake aunawa, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙa'idar da masana'antu suka fi aiki da ita ita ce ISO 1461, wasu kuma ta Amurka, ASTM A123. A ƙa'idar farko, ƙarfen da kaurinsa ya wuce milimita 6 sai matsakaicin tutiyarsa ya kai maikiron 85. Daga sama da milimita 3 zuwa 6, maikiron 70. Daga 1.5 zuwa 3, maikiron 55. Ƙasa da haka, 45. Ka lura, ƙarfe mai kauri ya fi ɗaukar tutiya, don haka wanda ya zaɓi siririn bututu don ragin kuɗi ya yi asara sau biyu.

Ido ba ya auna wannan. Akwai 'yar na'ura mai aiki da maganaɗisu, ba ta fi wayar hannu girma ba, ana ɗora ta a jikin ƙarfe ta nuna lamba. Duk masana'antar kirki tana da ita, kuma haƙƙinka ne ka ce a gwada a gabanka a wurare da dama, a ba ka takarda. Ni ra'ayina, duk warshar da ke karɓar aikin bakin teku ya kamata ta mallaki tata. Mutum ya ce maka mujalfan ne, ka ce masa: maikiron nawa? In ya kasa amsawa, ka san abin da za ka yi.

Shekara nawa zai yi kafin ya fara tsatsa?

Lissafi ne mai sauƙi: kauri a raba da abin da yanayi ke ci kowace shekara. Ƙa'idar ISO 9223 ta kasa yanayi hawa-hawa. A busasshen wuri, C2, tutiya ba ta rasa fiye da maikiron 0.7 a shekara. A matsakaici, C3, daga 0.7 zuwa 2.1. A C4, 2.1 zuwa 4.2. A C5, wato gab da teku mai gishiri, 4.2 zuwa 8.4. Inda feshin teku ke bugun ƙarfe kai tsaye ya fi haka ma.

To ɗauki maikiron 85. A C3 zai kai shekara 40 ko fiye, a C4 shekara 20 zuwa 40, a C5 kuwa 10 zuwa 20. Yanzu ɗauki bututun kasuwa mai maikiron 20 ka kai shi C5: shekara biyu zuwa biyar. Sukuru mai shafen lantarki, shekara ɗaya ko biyu. Baƙin ƙarfe tsirara a wannan wuri yana iya rasa maikiron 80 zuwa 200 a shekarar farko kaɗai. Wanke gishiri da ruwan daɗi lokaci-lokaci yana ƙara kwana sosai, musamman ƙarƙashin rumfa inda ko ɗan ruwan saman da ake samu ba ya kaiwa.

Zan kai ƙofa ko matakala a tsoma mini. Me zan shirya tun daga warsha?

Abu na farko, kuma na rai da mutuwa: huda. Duk bututun da aka toshe bakinsa biyu da walda ba ya shiga kwami. Ɗan ruwan da ya maƙale a ciki lokacin wanki, in ya ji zafin digiri 450 zai zama tururi nan take ya fasa bututun, ya watsa narkakkiyar tutiya a kan ma'aikata. Don haka kowane rufaffen sashe sai an huda shi a gefe biyu masu kallon juna ta kusurwa, ɗaya iska ta fita, ɗaya tutiya ta shiga ta fito. Kada ka toshe ramukan don mai gida ya ce ba su yi masa kyau ba; bayan tsomi ana iya sa musu marfi. Amfaninsu ma biyu ne, don ta nan cikin bututun ke samun tutiya, kuma daga ciki ne bututu ke fara ruɓewa.

Na biyu, ka kankare dattin walda gaba ɗaya, don asid ba ya cin sa. Haka fenti, da rubutun alkalamin fenti, da takardar da ake mannawa a jikin ƙarfe. Na uku, kada ka haɗa siririn falle da ƙarfe mai kauri sosai a jiki ɗaya in da hali, domin ba sa ɗaukar zafi tare, sai kayan ya karkace. In ƙofa ce mai falle, ya fi a tsoma firam daban, falle daban, a haɗa daga baya. Wuraren da ƙarfe biyu suka kwanta a kan juna, a zagaye su da walda ba tare da rami ba, in kuma suna da faɗi a huda su.

Ka kuma tambayi tsawon kwaminsu da zurfinsa kafin ka yanka ƙarfe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kayana sun dawo toka-toka, babu ƙyalli, wani wuri ma dabbare-dabbare. An cuce ni ne?

Galibi a'a. Wannan daga ƙarfen ne, ba daga masu tsomi ba. Idan ƙarfe yana da sinadarin silikon a wani ma'auni, musamman tsakanin kashi 0.04 da 0.14 cikin ɗari ko sama da 0.25, yakan ci tutiya da sauri, gaurayen ya taso har sama, sai ya fito da duhu. Irin wannan yawanci ya fi mai ƙyalli kauri, sai dai in ya yi kauri fiye da kima yana iya ɓantarewa idan an buge shi. Mai ƙyallin ma bayan watanni a waje toka zai koma. Abin da za ka ƙi karɓa shi ne baƙin wuri da tutiya ba ta kama ba, ko ɓawo mai tashi, ko tsini mai yanka hannu a abin da mutane za su riƙe.

Na ajiye shinko a sito, na tarar da farin gari a tsakaninsu. Ya lalace?

Farar tsatsa ke nan. Tana fitowa idan sabuwar tutiya ta jiƙe a inda iska ba ta shiga, kamar falle a kan falle, ko kaya a naɗe cikin leda a daren Jidda mai laima. Ɓawon kariya da na ambata a baya ba ya samuwa sai da iska, don haka ruwan sai ya yi ta cin tutiyar. In kaɗan ne, a raba su, a goge da burushi mai tauri wanda ba na waya ba, a bar su su sha iska. In har ya yi baƙi ko ja a ƙarƙashi, a auna kaurin da ya rage kafin a yi aiki da shi. Wajen ajiya a ɗaga kaya daga ƙasa, a sa katako busasshe a tsakani, a ɗan karkata su don ruwa ya zurare.

Ƙarfen zubi fa, shi ma ana tsoma shi?

Ana yi, amma da shiri na daban. Ƙarfen zubi, wanda Larabawa ke kira hadid zahar, shi ne na murfin kwata, da gwiwar bututu, da adon da ake zubawa a liƙa a ƙofofi. Yana da sinadarin gawayi mai yawa, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, kuma a cikin yashi ake zuba shi, don haka yashi yakan ƙone a fatarsa. Asid ɗin da ake wanke ƙarfe da shi ba ya narkar da yashi, kuma in aka bar kayan ya daɗe a ciki sai baƙin gawayin ya taso ya hana tutiya kamawa. Maganin shi ne a fara feshe shi da tsakuwar ƙarfe har ya yi fes, sannan a ɗan tsoma shi a asid na gajeren lokaci. ISO 1461 ta nemi maikiron 80 ga zubi mai kauri, 70 ga siriri.

Ƙarfen zubi mai launin toka yana da gautsi, kuma babban yanki mai sashe siriri da sashe mai kauri yana iya tsagewa saboda zafi na farat ɗaya. Sannan in ka yi ƙofa da baƙin ƙarfe ka liƙa mata adon zubi, ka faɗa wa masana'anta tun farko, ko ka feshe adon kafin ka haɗa. In ba haka ba firam zai fito da kyau, adon ya fito da tabo.

Manyan bututun ruwa na zubi da ake binnewa ba tsoma su ake yi ba. Fesa musu tutiya ake yi a waje, giram 130 zuwa 200 a murabba'in mita, a bi da baƙin shafe a kai, a kuma shafe cikinsu da siminti. A ƙasa mai gishiri irin sabkha ta bakin teku, wannan ma bai isa ba sai an ƙara musu rigar leda ko shafe mai ƙarfi.

Ana iya walda a kan mujalfan? Me ya sa nake zazzaɓi duk ranar da na yi?

Ana iya yi, amma ɗan'uwa, wannan tambaya ta fi sauran muhimmanci a wurina. Tutiya tana tafasa a digiri 907, wutar walda kuwa ta ninka haka sau da yawa. Farin hayaƙin nan da ke tashi, mai barin gari kamar auduga, ƙonanniyar tutiya ce. Wanda ya shaƙe ta, bayan wasu awoyi, sau da yawa da dare, sai sanyi ya rufe shi, da zazzaɓi, da ciwon gaɓoɓi, da ƙishi, da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Yakan sake shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Na taɓa kwana a kan wani yaro da ke koyon aiki a wurinmu yana rawar ɗari a tsakiyar zafin Agusta, bayan ya wuni yana walda a cikin tanki. Tun daga ranar ban yarda kowa ya yi irin wannan aiki a rufaffen wuri ba tare da fanka mai zuƙe hayaƙi ba.

Shan madara ba ya karewa, ko da kuwa manyanmu sun faɗa; madara ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu. Abin da ke karewa shi ne ka goge tutiyar da saruk, wato injin goge ƙarfe, kamar faɗin yatsu uku ko fiye a kowane gefe kafin ka kunna wuta, ka yi aiki inda iska ke wucewa, kanka ba a cikin hayaƙin ba, ka sa takunkumi mai tace hayaƙin walda, ba ƙyalle ba. Gogewar tana gyara waldar kanta, don tutiya tana sa ta yin ramuka da tartsatsi. In numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko zazzaɓin ya wuce kwana biyu, a tafi asibiti a kuma faɗa wa likita irin aikin da aka yi.

Bayan walda ko yanka, yaya zan gyara wurin? Gwangwanin feshi mai ruwan azurfa ya isa?

Launi ba shi ne tutiya ba. Yawancin gwangwanayen masu ƙyalli garin alminiyam ne a ciki, ado kawai. Wanda ake nema shi ne fenti mai garin tutiya sosai, kashi 90 ko fiye a busasshen shafe. Za ka gane shi da nauyi a hannu da launin toka marar ƙyalli. A goge wurin har ƙarfe ya yi fari, a shafa nan da nan, hawa biyu ko uku, har kaurin ya kai maikiron 100. Burushi ya fi feshi saurin tara kauri.

Amma gyara gyara ne. Na taɓa yi wa wani bawan Allah ƙofa a Abhur da bututun kasuwa mai siririyar tutiya, na shafe wuraren walda yadda ya kamata, ba a rufa shekara biyu ba duk mahaɗan suka yi ja, don cikin bututun da wuta ta ƙone babu mai iya kaiwa gare shi. Na sake masa ita da baƙin ƙarfe, aka tsoma ta bayan ƙira. Aikin da zai tsaya kusa da teku, wannan ita ce hanyarsa: a gama walda duka, sannan a tsoma, a haɗa a wurin aiki da noti.

Me ya sa fenti ke ɓarewa a kan mujalfan kamar fatar albasa?

Don buyar mai, wato fentin mai, ta gama-gari ba ta jituwa da tutiya. Suna haɗuwa su haifar da wani abu kamar sabulu a tsakaninsu, sai fentin ya saki. A wanke maiƙo, a ɗan karce fuskar da feshin yashi mai laushi ko takardar goge ba tare da an cinye tutiyar ba, a sa fentin ƙasa da aka yi don mujalfan, irin su ifoksi, sannan na sama. In za a yi fenti, a gaya wa masana'anta tun kafin tsomi don kada su yi masa shafen ƙarshe da ke hana fenti kamawa. Idan an yi shi daidai, tutiya tana kare fenti daga ƙasa, fenti yana kare tutiya daga sama, su biyun su daɗe fiye da jimillar kwanakinsu da rabi ko ninki biyu. Ga gidan da ke kallon teku, ban san abin da ya fi wannan ba.

Bututun ruwa da tanki na mujalfan suna da kyau a nan?

Ba kamar a wasu ƙasashe ba. Ruwan rijiya mai alli yakan yi wa cikin bututu ɓawo mai karewa. Ruwan Jidda da Makka kuwa yawancinsa tataccen ruwan teku ne daga tashoshi irin ta Shu'aiba, kuma ko an mayar masa da ɗan sinadari, bai cika yin wannan ɓawo ba. Ga kuma zafi: idan ruwa ya wuce kusan digiri 60, tutiya tana iya daina ba da kanta, ƙarfen ya koma shi ke cinyewa, ya yi ƙananan ramuka. Don haka layin ruwan zafi ba na mujalfan ba ne, bututun roba da aka yi don zafi ya fi. Ƙafar tanki da matakalarsa kuwa, a nan tsomi mai zafi ya fi amfani, domin kullum a jiƙe suke.

Ƙofar ƙalau take amma notuna da hinji sun yi ja. Kuma ƙafar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta ruɓe da wuri.

Notunan shafen lantarki ne, duba lissafin shekaru a sama. A nemi waɗanda aka tsoma, kuma a saye su tare da abokan ɗaurinsu, don ana faɗaɗa zaren notin ya karɓi kaurin tutiya. Ƙafar mukayyif kuwa ruwan da ke ɗiga ne ke kashe ta, musamman in ya bi ta kan bututun tagulla kafin ya sauka. Tagulla da tutiya ba sa zama wuri ɗaya a cikin danshi, tutiyar za ta ƙare da gaggawa. A janye ruwan da tiyo, a sa roba tsakanin ƙarfen biyu. Inda ƙafar ƙarfe ta shiga ƙasa ko siminti ma, a shafa mata baƙin kwalta daga ƙasa har ɗan sama da daɓe, domin a daidai wannan wuya ruwa ke kwanciya.

Zan iya gasa tsire a kan ragar mujalfan, ko in jiƙa zoɓo a bokitinsa?

Kada ka yi ko ɗaya. Tutiya ba ta jure zafin da ya wuce digiri 200 na dogon lokaci, garwashi kuwa ya wuce nan nesa, sai ta ɓare ta hau nama. Abu mai tsami kuma narkar da ita yake yi: zoɓo, tsamiya, lemon tsami, nono, tumatir. Wanda ya sha abin da aka jiƙa a ciki yana iya kamuwa da amai da murɗar ciki. Masu sayar da abinci a unguwanninmu su nemi raga da mazubi na ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake kira istanles, ko baƙin ƙarfe da aka shafa wa mai. Bokitin mujalfan a bar shi ga wanki da ɗiban ruwan aiki.

Tsomi yana da tsada. Yaushe ya cancanta, yaushe za a iya haƙura?

Da nauyi ake biya, kilo ko tan, kuma ƙaramin aiki yana da mafi ƙarancin farashi da ba a sauka ƙasa da shi, don haka yana da kyau warsha biyu ko uku su haɗa kayansu a mota ɗaya. Gadon ƙarfe, kantar cikin shago, raga ta cikin gida a Makka ko Madina, waɗannan fentin ƙasa mai kyau da na sama sun wadatar. Abin da ke waje a Jidda, abin da ke kan soro, abin da ke ɗauke da nauyi a saman mutane kamar rumfar mota da ƙafar tanki da makarin baranda, da duk abin da in an kafa shi ba mai sake hawa ya yi masa fenti, waɗannan a tsoma su. Idan mai gida ya ce kuɗin ya yi yawa, ka rubuta masa farashi biyu a takarda ɗaya, kowanne da maikiron ɗinsa da kimanin shekarunsa, ka bar shi ya zaɓa.